Mai Shinge: Rayuwar Bajamushen da Ya Huda Tabkin Marwa

Haihuwa da asali

An haifi Detlef Ketelsen, wanda mutanen ƙasar Gidan Runji, a Gobir ta Nijar, suka fi sani da Mai Shinge, ranar tara ga watan Maris na shekarar 1949, a garin Husum da ke bakin teku a arewacin ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Jens Ketelsen, masunci ne mai ƙaramin jirgi guda. Mahaifiyarsa, Frauke, ita ke ɗinke komar kamun kifi in ta yage, ita ke kai abin da aka kamo kasuwa. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya huɗu, kuma shi kaɗai ne namiji. An rubuta wannan tarihi domin na baya su san abin da mutumin ya gyara da abin da ya ɓata, tun da takardun hukumar da ya yi wa hidima shekara talatin da tara sun ƙi faɗin gaskiya a kansa.

Ƙasar su Ketelsen kwari ce, a wurare da yawa teku ya fi ta tudu, saboda haka tun kaka da kakanni suke tare ruwa da wata doguwar ganuwa ta ƙasa. Akwai al'ada guda a wurin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za ta dawo a gaba. Ba a hana tumaki hawa ganuwar nan, da gangan ma ake sakinsu, saboda kofatonsu ke daɓe ƙasar ta yi tauri har ruwa ya kasa ratsa ta. Kakansa na wajen uwa makiyayin irin waɗannan tumaki ne, kuma Detlef ya bi shi kiwo tun yana ɗan shekara shida. Wato abin da ya zo ya manta a ƙasar Gobir ba a littafi ya karanta shi ba, da ƙafarsa ya taka shi.

Karatu

Ya shiga lakol, wato makarantar boko, a shekarar 1955. A watan Fabrairu na 1962, yana dab da cika shekara goma sha uku, wata guguwa ta taso daga teku ta fasa ganuwa a wurare da dama, ta farfasa jirgin mahaifinsa, ta bar gidan babu sana'a har tsawon shekara guda. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa ruwa abu ne da sai an kafa masa doka, an auna shi, an tsare shi. A shekarar 1968 ya sami gurbi a jami'a a birnin Kiel, inda ya karanci ilimin noma da kiwon kifi, ya kammala a 1974 da sakamako mai daraja. Abokan karatunsa sun shaida masa abu uku: ba ya ƙarya, ba ya gajiya, ba ya kuma sauraron wanda bai zo masa da awo a rubuce ba. Biyun farko sun amfani jama'a, na ukun shi ya ja masa abin da ya ja masa.

Shiga aikin gwamnati

A watan Afrilu na 1975 aka ɗauke shi aiki a matsayin mai duba komar masunta, domin a ƙasarsu doka ta ƙayyade faɗin idon koma, kada a kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. A shekararsa ta farko ya auna komar mahaifinsa, ya tarar idonta ya gaza abin da doka ta yanka da ɗan kaɗan, ya kuwa ƙwace ta a gaban jama'a. Tsohon ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Manya suka ji labari suka ce ga irin ma'aikacin da ake nema, sai aka kira shi babban birni a 1979, aka ba shi kujera a sashen kula da noma da kamun kifi, inda ya shekara shida yana tsara ƙa'idoji.

Agye da Gazawa

Bayan yunwar 1984, wani reshe na hukumar da ake kira Buron Ayyukan Ƙetare ya nemi wanda zai tafi Nijar domin taimakon manoma, Ketelsen ya miƙa sunansa. Ya sauka Agye a watan Oktoba na 1985, a lokacin da mutane sun cinye har irin shuka. An aiko masa da iri daga waje cike da motoci, ya ƙi raba shi, ya ce ba a gwada shi a wannan rairayin ba. Maimakon haka sai ya shiga kasuwannin Cadawa da Gazawa da ƙauyukansu, yana bin tsofaffin matan da suka ɓoye ɗan gero da wake a cikin tuluna, ya tara abin da ya samu, ya kafa rumbunan iri a garuruwa goma sha huɗu. Daminar 1986 ta yi kyau, irin ya karɓi ƙasa, har yau kuma akwai dattawa a yankin Agye da ke sa masa albarka. Sai dai wannan nasara ita ta cuce shi, domin daga nan ya ɗauka ya gama sanin ƙasar.

Tabkin Marwa

A ƙarshen 1987 aka mayar da shi ƙasar Gidan Runji, aka ɗora masa furojen, wato shirin, kiwon kifi. Aka haɗa shi da wata malamar gona, Salima, 'yar Malam Abdurrahaman Faruku na Tibiri, mace mai shekara ashirin da bakwai wadda mijinta ya rasu, domin ta riƙa yi masa tafinta. Wurin da ya zaɓa shi ne tabkin Garin Marwa, kusa da Gidan Sori.

Tabkin nan yakan cika da damina, ya riƙe ruwa har cikin watan Afrilu. Yana hannun Sarkin Ruwa, wanda a lokacin Yahuza ne, dattijo mai kimanin shekara sittin. Ba mai jefa homar kamun kifi a ciki sai ya ba da izini. In watan Maris ya kama, ruwa ya ja baya, sai ya buɗe kamun kifi na gayya kwana uku. Bayan nan sai abin da suke kira shigar shanu: a tara shanun gari da garkunan Fulani, a kora su cikin tabkin, a yi ta kewayawa da su cikin laka har kwana bakwai. Sa'an nan gaiwa, kifin nan da ke naɗe kansa cikin laka in ruwa ya ƙafe, ta kwanta a ƙasa. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba, sai a je a haƙo ta daidai bukata, a bar saura su hayayyafa. A shekarar yunwa gaiwar nan ce ta tsare rayukan gidaje da yawa a garin.

Ketelsen ya dubi wannan tsari na shekaru aru-aru, abin da ya gani kawai shi ne shanu na ɓata ruwa, tabki kuma ba shi da zurfi. Ya haƙa rami guda ɗaya tak a tsakiya, ya ga laka mai kauri, ya rubuta. Ya yanke cewa za a kewaye tabkin da shingen waya, a kawo katafila ta ƙara masa zurfi, a zuba karfasa. Salima ta ce ya gwada haƙa a gefe-gefe, ya ce katafilar aro ce, mako uku aka ba shi. Aka tara gari a gindin gawo aka karanta musu shirin. Sarkin Ruwa Yahuza ya miƙe ya dubi Salima ya ce:

"Ɗiyata, hwaɗa mashi kamar yadda ni hwaɗi, kar ki rage. Tabkin ga kamar tukunya shike. Tsakiya ce kaɗai mai kauri, gehe kamu guda na laka, ƙarƙashi rairayi zalla. Shanun ga da shika son hanawa, su ka liƙe mamu ita ko wace shekara. In ya sa ƙarhe ya ƙwaƙule ta, ya huda ta ke nan, ba mu da mai toshewa."

Salima ta juya maganar duka, ba ta rage ko kalma ba. Ketelsen ya ɗaga takardarsa, ya amsa da 'yar Hausar da ya koya a Agye, ya ce, "Baba, na auna." Iyakar amsar ke nan da aka ba mutumin da kakanninsa bakwai suka riƙe tabkin.

Aka yi kamun kifi na watan Maris na 1988, wanda ba wanda ya san shi ne na ƙarshe. Kafin ranar shigar shanu an kafa turaku na ƙarfe ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne an dasa shi cikin siminti, an ja waya. Wani Bafulatani mai garke, Jaye, wanda daga baya ya zama arɗo, ya iso da shanunsa kamar yadda ubansa ya saba, ya tarar da shinge da jandarma biyu a ƙofa. Ya juya zuwa wata rijiya mai nisa, saniya biyu suka faɗi a hanya. Daga ranar aka sa wa Bajamushen suna Mai Shinge, ba kuwa don yabo ba. Da katafila ta shiga sai ta riƙa tono gaiwa ɗari-ɗari tana watsarwa a rana, mata na bi da kwanduna suna tsinta suna Allah ya isa, don sun san abincin jikokinsu ne ake ba su a yini guda. A rana ta tara farin rairayi ya bayyana a bakin ƙarfen. Direban ya tsaya ya nuna wa Ketelsen, shi kuwa ya ce a ci gaba.

Rahoto biyu

Daminar 1988 ta zo da ruwa mai yawa, tabkin ya cika ya batse irin yadda ba a taɓa gani ba. A watan Satumba manya suka zo daga Jamus da Yamai, aka zuba 'ya'yan karfasa dubu ashirin, aka yi tafi, aka ɗauki hoto da Ketelsen tsaye a bakin ruwa. Yahuza bai halarta ba. A watan Oktoba Ketelsen ya rubuta rahoto cewa aiki ya yi nasara, ya sa hannu, ya aika. Tun kafin takardar ta isa inda za ta, ruwan ya fara sauka kamu guda a mako. Ranar ashirin ga Disamba babu ko ɗigo. Kifin ya mutu a fili, wari ya hana mutane cin abinci a ƙofar gida, shi da mutanen gari suka yi kwana uku suna binnewa.

A rana ta uku ya durƙusa a gindin tabkin ya cusa hannu, rairayi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Nan ne tumakin kakansa suka faɗo masa a rai. Ya juya ya gaya wa Salima yadda ake sakinsu a kan ganuwa a garinsu, da dalilin sakin. Ita kuwa ta dube shi ta ce, "To, da ka san na tumakinku, mi ya hana ka yarda da na shanunmu?" Abin da ya hana shi shi ne mai maganar baƙin tsoho ne mai rawani, ba shi da takarda a hannu.

A watan Janairu na 1989 ya rubuta rahoto na biyu, shafi goma sha bakwai. Ya bayyana cewa shi ya huda tabkin, an gargaɗe shi ya ƙi ji, ya kawo maganar Sarkin Ruwa da sunansa, ya nemi a soke rahoto na farko, a cire shingen, a mayar da laka. Buron Ayyukan Ƙetare ya karɓi takardar ya sa ta a aljihun tebur. Rahoton farko shi aka buga, shi aka raba, hoton kuma aka ƙara masa girma aka rataye a zauren buro. A shekarar 1990 aka kira shi gida, aka ƙara masa muƙami saboda nasarar Tabkin Marwa. Ya ɓata abincin gari guda, ya faɗa da bakinsa, sakamakonsa kujera mai laushi.

Aure da iyali

Kafin ya bar Nijar, a watan Nuwamba na 1989, ya karɓi Musulunci a Tibiri a hannun Malam Abdurrahaman, wanda ya zaɓa masa suna Ayuba, yana cewa mutumin nan yana bukatar sunan mai haƙuri tun da shi ba shi da ko ƙwaya. Ya nemi auren Salima, ta ƙi har sau biyu. A karo na uku ta yarda, ta ce ta ga masu ɓarna da yawa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya ya binne ɓarnarsa da hannunsa ba. Sharaɗinta guda ne, kada ya kuskura ya manta da Garin Marwa. An ɗaura aure ranar Juma'a, biyu ga Fabrairu 1990, suka tafi Jamus tare. Allah ya ba su Nazira a 1991, Bilyaminu a 1994, da Asiya a 1998, dukansu kuma sun tashi da Hausa a bakinsu, don uwarsu ba ta amsa wa yaro in ya kira ta da wani harshe.

Shekaru ashirin da huɗu a buro

Tsakanin 1990 da 2014 Ketelsen ya rubuta wa shugabanninsa wasiƙa goma sha ɗaya a kan magana guda. Amsoshin suna nan a akwatin iyalinsa, kuma duk mai son ya ga yadda ake kashe gaskiya da ladabi sai ya je ya karanta. Wata ta ce an rufe furojen, abin da aka rufe kuwa ba a buɗewa. Wata ta ce rahoton farko ma da sa hannunsa, to wanne za a gaskata? Wata ta ce tona wannan magana zai ɓata sunan ayyukan da ke gudana. Huɗu ba a ma amsa su ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da ya gano a 1996 cewa an ɗauki rahotonsa na farko a matsayin abin koyi, an bi shi an ƙwaƙule wasu tabkuna huɗu a wasu ƙasashe.

A shekarar 1997, ranar bikin cikar buron shekara ashirin da biyar, shugaba na cikin jawabi yana nuna hoton, sai Ketelsen ya tashi ya ciro shi daga bango, ya kife shi a kan teburin baƙi, ya ce da ƙarfi wannan tabki ya bushe wata uku bayan ɗaukar hoton, kuma duk wanda ke ɗakin nan mai muƙami ya sani. Ba a kore shi ba, don doka ba ta ba da dama ba. Aka mayar da shi ɗakin ajiye tsofaffin takardun jiragen masunta a ƙasan bene, inda ya shekara goma sha bakwai ba ƙarin girma. Washegari aka sake wa hoton gilashi aka mayar da shi wurinsa.

A can Garin Marwa kuwa, ruwa kan taru da damina ya tsiyaye kafin a gama girbi. Gaiwa ta ƙare. Fulani suka daina biyowa, nono da taki suka tafi tare da su, gidaje fiye da arba'in suka watse zuwa Maraɗi da ƙetaren iyaka. Sau ɗaya Ketelsen ya je garin, a 1993, ya yi sallama a gindin gawo aka amsa, amma ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma. A 2001 Sarkin Ruwa Yahuza ya rasu, bayan ya bar saƙo a kaset aka aika Jamus. Abin da ya ce shi ne:

"Ku hwaɗa ma Mai Shinge, ban riƙe shi don kihi ba. Amma Sarkin Ruwa anka naɗa ni, ga shi zan mutu ina gadin rairayi. Wanga ban yahe ba, mu haɗu gaban Allah."

A nan wajibi ne a faɗi laifinsa na biyu, don tarihi ba wurin rufa wa mutum asiri ba ne. Duk tsawon shekarun nan yana jiran buro ya amsa kuskure kafin a ɗebi ko kwando guda na laka, saboda shi ɗan takarda ne, abin da ba a sa wa hannu ba a wurinsa bai faru ba. Yana can yana faɗa da masu kujera, tsohon da ya zalunta ya mutu. Ranar da ya ajiye aiki, a watan Yuni na 2014, ya zauna zai rubuta wasiƙa ta goma sha biyu, Salima ta zare takardar daga gabansa ta ce, "Malam, tabki ba ya karatu. Ka tashi mu tahi."

Komawa Garin Marwa

Sun sauka Tibiri a watan Janairu na 2015. Ya tafi wurin Sabi'u ɗan Yahuza, wanda ya gaji sarautar ruwan da babu, ya ce ya zo a mayar da laka. Sabi'u ya ce laka ba ta zama sai da shanu, shanu kuwa na hannun Arɗo Jaye. Aka aika wa Arɗo, ya zo, ya ƙi zama. Ya nuna turakun ƙarfen nan, waɗanda wayarsu ta daɗe da ɓacewa amma su suna nan tsaye ƙyam, don mai dasa su ba ya aikin ha'inci. Ya ce ko ɗan maraƙi ba zai taka wurin ba sai wanda ya kafa su ya tumɓuke su da hannunsa, kuma kada kowa ya kama masa.

Ketelsen yana da shekara sittin da shida a lokacin. Ya ɗauki diga a zafin watan Maris, ya yi kwana goma sha tara yana fasa siminti, hannuwansa suka sassaɓe, sau biyu yana faɗuwa ana yayyafa masa ruwa. Kullum Arɗo na zaune a gindin gawo yana kallo, bai ce sannu ba. Da turke na ɗari biyu da goma sha biyu ya faɗi, sai Arɗo ya miƙe ya tura masa buzunsa da ƙafa, ya ce, "Zamna. Yanzu ka iya magana da mutane."

Aka yi rani uku ana ɗebo laka daga fadamar gulbi da amalanken shanu, gayya bayan gayya, ana shimfiɗawa inda Sabi'u ya nuna. Wannan karon Ketelsen bai auna komai ba sai an ce ya auna. Aka dawo da shigar shanu, ana yin ta duk lokacin da ruwa ya fara ja. A daminar 2016 ruwan ya kai ƙarshen Disamba, ta 2017 ya shiga Janairu, ta 2018 ya kai tsakiyar Fabrairu. A 2019 ɓarayin shanu suka addabi yankin, Arɗo ya rasa fiye da rabin garkensa, sai aka cike da shanun huɗa da jakunan gari. A shekarar ce Sabi'u ya samo gaiwa daga wani tabki wajen Cadakori, cikin dunƙulen lakarta, ya binne. Abin da katafila ta ɓata a mako uku, sai da gari guda ya yi shekara shida yana lallaɓawa.

Daminar 2020 ta zo da ruwa irin na 1988, tabkin ya batse. A watan Satumba wasu ma'aikata suka zo da na'urar ɗaukar hoto, Ketelsen ya fito da sandarsa ya tare su a hanya, ya ce, "Ku koma. Wanda ke son hoto ya dawo watan Maris."

Rashin lafiya da rasuwa

A watan Janairu na 2021 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. An so a kai shi Jamus, ya ƙi. Ya koma wani ɗaki a gidan Sabi'u, kowace Juma'a ana ɗora shi a amalanke a kai shi bakin tabki ya ga inda ruwa ya tsaya. Fabrairu ya wuce da ruwa, Maris ya kama da ruwa har ƙugu. Sabi'u ya sa aka yi shela cewa za a buɗe kamun kifi ranar uku ga Afrilu, karo na farko cikin shekara talatin da uku. Ayuba Detlef Ketelsen bai kai ba. Ya rasu da hantsi ranar Asabar, ashirin da bakwai ga Maris 2021, a tsakiyar watan Sha'aban, saura mako guda, yana da shekara saba'in da biyu.

An yi masa sutura a Garin Marwa bisa wasiyyarsa, aka kai shi maƙabartar da ke kan tudu gabas da tabkin. Da liman ya nemi duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa, sai Sabi'u ya ɗaga murya ya ce, "Nawa na yahe. Na baba ba ni da ikon yahewa, su biyu sun iske juna." Da aka zo kwaɓa ƙasar da za a liƙe itacen kabari, Arɗo Jaye ya hana a ɗebo ruwan rijiya. Ya ɗauki tulu da kansa, da tsufansa, ya gangara tabki ya cika ya hawo da shi. Da ruwan Tabkin Marwa aka rufe shi, a ƙarshen watan Maris.

Bayan kwana arba'in wasiƙar ta'aziyya ta iso daga Buron Ayyukan Ƙetare. A cikinta an yabi marigayin da cewa shi ne ya gina Tabkin Marwa a shekarar 1988, aikin da ke ciyar da jama'a tun daga lokacin har yau, an kuma ƙara da cewa wani wakili ya ziyarci wurin kwanan baya ya gan shi cike da ruwa da kifi. Ba a ambaci rahoto na biyu ba, ba a ambaci Yahuza ba, ba a ambaci shekara ashirin da bakwai na rairayi ba. Nazira ta karanta wa uwarta, Salima ta ce, "Ya ƙare ƙarhinshi yana gyaran ɓarnarshi, ashe ƙaryarsu ya gyara masu."

Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Salima, a Tibiri, da 'ya'ya uku: Nazira, likitar dabbobi a Maraɗi, Bilyaminu, malamin lakol a Kiel, da Asiya, wadda ke karatun shari'a, ita ce kuma ke riƙe da rahoto na biyu da wasiƙu goma sha ɗaya. Ya bar jikoki huɗu. Allah ya jiƙansa, ya sassauta masa ranar da zai tsaya da Sarkin Ruwa Yahuza. Hoton yana nan rataye a zauren buro. Amma duk wanda ya je Garin Marwa ya ga ruwa a watan Maris, ya sani ba katafila ta ajiye shi ba, kofaton shanu ne.